Filin Gwaggo: Kwandon Tumatir Ya Ruɓe, An Ce Laifina Ne

Tun da kayan noman rani suka fara cika kasuwa, wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka karkata wuri guda: an sayo kayan gwari da araha, sun lalace kafin a ci rabinsu, daga nan magana ta tashi a cikin gida. Na zaɓo huɗu daga ciki. Kafin mu shiga, ga abin da nake so kowa ya riƙe. Tumatir da ganye da ayaba, ko bayan an tsinke su, da sauran ransu. Suna numfashi, suna fitar da ruwa da ɗumi, suna ci gaba da nuna har su wuce. Adana su shi ne rage musu wannan gudu, kuma abin da wani yake so, shi ne ajalin wani.

Wasiƙa ta farko

Gwaggo, barka da aiki. Wata biyar ke nan da aurena. Makon jiya maigidana ya biyo ta Kwanar Gafan a hanyarsa ta dawowa daga Kano, ya sayo kwandon tumatir guda da rabin buhun tattasai da attaruhu, ya ce ya same su da araha, su kai mu wata. Ba mu da firji. Na wanke su tas, na zuba a manyan robobi na rufe don kada ƙuda su hau. Bayan kwana huɗu da na buɗe sai wari, rabi ya zama ruwa. Uwar mijina ta zo ta gani, ta ce a gaban ƙannensa wai 'yan matan yanzu ba su san tattali ba. Shi bai ce komai ba, amma tun ranar fuskarsa ba a sake take ba. Na yi kuka har na gaji. Yaya zan yi?

Amarya mai damuwa, Zariya

'Yata, share hawayenki. Tsafta kika nufa, kuma wadda ta tsaya ta wanke kwando guda da hannunta ba raguwa ba ce. Sai dai abu biyu da kika yi, wanki da rufi, su ne suka gaggauta ɓarnar. Ruwan wanki yana maƙalewa a wurin da aka tsinke tumatirin daga reshe da duk inda fatarsa ta ƙuje, ta nan ƙwayoyin ruɓa suke shiga. Da kika rufe roba kuma, ɗumin da tumatirin ke fitarwa da gumin jikinsa suka rasa hanyar fita. Ki sani kuma, kwandon da ya sha hanya a mota, na ƙasansa sun riga sun sha danna, tsinken kwandon ya soke wasu. Wani kaso na kayan nan ya kama hanyar lalacewa tun kafin ya shigo gidanki.

Nan gaba, ranar da kaya suka iso, ranar ake aikinsu. Ki shimfiɗa tabarma a inuwa, ki juye, ki kasa su uku. Kashi na farko waɗanda suka fashe ko suka yi laushi, su ne na tukunyar yau da gobe. Na biyu waɗanda suka nuna sosai amma lafiyarsu ƙalau, su za ki shanya. Na uku masu tauri da waɗanda ba su gama ja ba, su ne na ajiya. Na ajiyar nan kada ruwa ya taɓa su sai ranar girki. In da ƙasa a jikinsu, ki goge da busasshen tsumma. Ki jera su a faifai ko tire, kada ki ɗora wani kan wani, ki kifa kowanne a kan wurin tsinkarsa, domin ta nan ya fi zubar da ruwan jikinsa. Ki sa su inda iska ke ratsawa, nesa da murhu da hasken rana. Kowace safiya ki bi su da ido, wanda ya fara laushi ki ɗauke shi, don wake ɗaya shi ke ɓata gari. Tattasai da attaruhu ma haka, a bar musu hancinsu, a baza su.

Shanya kuwa gadonmu ce. Ki yanka tumatir gida biyu ko huɗu, ki barbaɗa gishiri kaɗan, ki jera da yankan yana kallon sama a kan gadon kara ko tire da aka ɗaga daga ƙasa, ki lulluɓe da raga ko tsohon gidan sauro mai tsafta. Da magariba ki shigar da su ɗaki saboda raɓa da ɓeraye. A ranar rani, cikin 'yan kwanaki za ki sami kauɗarki. Sai kin matsa kin ji babu sauran danshi za ki zuba a mazubi mai murfi. Kada ki yi shanya a ƙasa ko bakin titi. Ban da ƙura, hukumar NCDC ta sha gargaɗi a kan haka, domin fitsari da kashin ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa.

Sai babbar dabara ga wadda ba ta da firji, wato tukunya cikin tukunya. Kin san yadda randa ke sanyaya ruwa: ruwan yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska tana busar da shi, busarwar tana tafiya da zafi. Marigayi Malam Muhammad Bah Abba, malamin kwalejin fasaha a Dutse wanda ya tashi a gidan maginan tukwane, shi ya ɗauki wannan sani ya mayar da shi ma'ajiyar kayan miya, ya yaɗa ta a ƙauyukan Jigawa, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A gwajin da ya yi, yalo da ke lalacewa a kwana 3 ya kai kwana 27, alayyahu da ke yaushi a yini guda ya kai kwana 12, tumatir da tattasai suka yi mako 3.

Ga yadda za ki haɗa. Ki sami tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, yadda in ƙaramar ta shiga za a bar tazarar yatsa biyu ko uku a kewaye. Ki zuba yashi mai tsafta a gindin babbar har bakin tukwanen ya zo daidai, ki cike tazarar da yashi, ki zuba ruwa a hankali har yashin ya ƙoshi. Kaya su shiga ƙaramar a bushe, ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma mai kauri. Ki ajiye a inuwa mai iska, ki riƙa ƙara wa yashin ruwa safe da yamma. Ki tabbata ruwa ba ya taruwa a cikin ƙaramar. Tana aiki sosai da hunturu da bazara lokacin da iska ta bushe, da damina kuwa ƙarfinta yana raguwa. Kuma ta kayan lambu ce kawai, ban da nama da madara da dafaffen abinci.

Game da uwar mijinki, maganar da ta yi a gaban mutane ta yi zafi, ban ce ba ta yi ba. Amma kada ki riƙe ta. Ki shirya ki je gaishe ta, ki ce, “Mama, so nake ki koya mini yadda kuke kauɗa da busar da kuɓewa.” Da wuya tsohuwa ta ƙi wanda ya zo neman saninta, kuma za ki ƙaru da gaske. Maigida kuma ki same shi lokacin da ya natsu, ki nuna masa asarar ta dame ki kamar yadda ta dame shi, sannan ki roƙe shi abu biyu: in zai sayo kwando ya sanar da ke tun kwana guda, kuma ya haɗo da wanda bai gama nuna ba. Kwando guda ya fi ƙarfin cikin mutum biyu, sai an shirya masa.

Wasiƙa ta biyu

Gwaggo, ni ma'aikaciyar jinya ce, ranar Asabar kawai nake samun zuwa kasuwa, sai in yi cefanen mako guda in tura komai cikin firji. Duk da haka ayaba tana baƙi, kokwamba tana ruwa, alayyahu yana komawa ɗorawa, ga wuta yau akwai gobe babu. Maƙwabciyata ta ce in markaɗa tumatir da tattasai da albasa in dafa, in ɗura a kwalba in zuba mai a kai, wai zai yi wata shida a kan kanta. In gwada?

Maman 'yan biyu, Kaduna

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari, aikin asibiti da na gida ba ƙaramin kaya ba ne. Firjinki lafiyarsa ƙalau, kin dai ba shi baƙin da ba nasa ba. Sanyin firji yana wajen digiri 4 ne, alhali yawancin 'ya'yan itacen ƙasashen zafi suna jin ciwo in sanyi ya yi ƙasa da digiri 10 zuwa 13. Shi ya sa bawon ayaba ke baƙi, kokwamba ke yin ramuka tana ruwa, ɗanyen mangwaro ya ƙi nuna, tumatir ya rasa ƙamshinsa. Doya da dankalin Hausa suna lalacewa daga ciki, dankalin turawa kuma yana komawa zaƙi-zaƙi. Duk waɗannan a waje za su zauna, a inuwa mai iska. Mangwaro da gwanda da tumatir, in sun gama nuna kina son ki ƙara musu kwana biyu ko uku, a lokacin ne za su shiga firji.

'Yan gidan firji su ne kabeji, karas, latas, alayyahu, koren wake, tuffa da inabi. Karas ki yanke masa ganye, don ganyen yana zuƙe ruwansa. Ganye kuma ki tsince ruɓaɓɓu, kada ki wanke, ki naɗe a tsumma mai tsafta, ki sa a leda ki bar bakinta a sake. Duk abin da wuƙa ta ratsa, kankana ce ko abarba ko gwanda, a rufe shi ya shiga firji cikin awa 2, in ana tsananin zafi cikin awa 1.

Abin da ke mayar da alayyahunki ɗorawa wata iska ce da ake kira etilin, wadda ayaba da mangwaro da tuffa da tumatir suke fitarwa in suna nuna. Ita ke sa na kusa da su ya yi saurin tsufa: ganye ya canja launi, kokwamba ta yi laushi, karas ya yi ɗaci. Saboda haka ki raba musu wuri, ko a firji ko a kwando. Iskar nan tana da amfaninta. In kina son ɗanyen mangwaro ko gwanda ya nuna, ki sa shi a kwali tare da nunanniyar ayaba ki rufe. Wannan ya fi miki sayen wanda aka nunar da sinadarin kabayid na masu walda, wanda hukumar NAFDAC ta yi ta jan kunne a kansa.

In an ɗauke wuta, firjin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kamar awa 4, firiza cikakkiya kuma har kwana 2. Ki cike gurbin da ya rage a firiza da gorunan ruwa su daskare, in wuta ta tafi ki sauko da biyu cikin firji. Ki kuma hana yara yawan buɗewa.

Maganar maƙwabciyarki kuwa, a nan zan tsaya da ƙarfi. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a ƙasa, wadda tafasa ta yau da kullum ba ta kashe irinta. Tana farfaɗowa ne a inda babu iska kuma babu tsami, ta fitar da gubar botulizim mai shanye jiki har ta tsayar da numfashi, kuma sau da yawa ba ta canja wari ko launin abinci. Tattasai da albasa ba su da tsami, man da aka zuba a kai kuma ya toshe iska. Kin ga an shirya mata ɗaki. Markaɗen da aka haɗa da tattasai da albasa, ki dafa shi ya ƙafe, ki kasa a ƙananan mazubai gwargwadon girki ɗaya, ki sa a firiza.

In kwalba kike so, to tumatir zalla. Ki dafa, ki sa ruwan lemon tsami cokali babba 2 a kowace lita, ki ɗura da zafinsa a kwalabe masu tsafta da murfi mai kamawa, ki bar sararin yatsa guda a sama. Ki jera su a tukunya a kan tsumma, ruwa ya shanye kansu, su tafasa minti 50, mutanen tudu irin Jos su kai awa guda. Ranar amfani ki sake tafasa shi minti 10 zuwa 15. Kwalbar da murfinta ya kumbura, ko ta yi kumfa, ko ta fesa da aka buɗe, a zubar ba tare da an ɗanɗana ba.

Wasiƙa ta uku

Gwaggo, ina gaisuwa. Ni magidanci ne. Bayan girbi na sayi buhu biyu na albasar Galmi don ta kai mu lokacin tsada. Na jingine su a ɗakin ajiya kusa da dankalin turawa. Yanzu wata bai cika ba, ƙasan buhu ya jiƙe, wasu sun yi baƙin gari, wasu sun tsiro. Na ce uwargida ce ba ta kula, ta ce ni na kawo na ajiye ban ce mata komai ba. Wa ke da gaskiya?

Magidanci, Birnin Ƙonni

Ƙanena, uwargida ta fi ka gaskiya, kuma na ji daɗi da ka tambaya maimakon ka ci gaba da faɗa. Albasa bushewa take so da iska. Buhun da aka ɗaure aka jingine a ƙasa yana tara gumi, na ƙasa su sha nauyi, zafi da danshi su haifar da baƙin garin nan da ka gani a ƙarƙashin ɓawo. Dankali kuma yana fitar da danshi, zamansu wuri guda yana cutar da su duka biyu. Kai da kake maƙwabtaka da Galmi, dubi rudun manoma: an ɗaga shi daga ƙasa, an yi masa rufin ciyawa, iska tana shiga ta ko'ina. Shi za ka kwaikwaya a gida.

Yau ɗin nan ku juye buhunan ku biyu. Ruɓaɓɓu a fitar da su daga gidan. Masu tsiro da masu kaurin wuya da waɗanda suka ƙuje, a fara ci da su, ko a yanka a shanya. Sauran a baza su a inuwa mai iska har wuyansu ya bushe ƙarau, ɓawon yana ƙara in an taɓa, domin ta ɗanyen wuya ruɓa ke shiga. Daga nan a yi musu gadon kara ko na katako, a baza ba da zurfi ba, ko a rataye a buhun raga. Kada a ɓare musu busasshen ɓawo, shi ne rigarsu. Kada su shiga leda ko firji ko tukunya cikin tukunya. A riƙa juya su duk mako. Tafarnuwa ma haka take so.

Dankalin turawa a kai shi wani wuri mai duhu da sanyi. Haske ne ke sa shi kore, kuma koren nan alamar guba ce mai ɗaci da ke ɓata ciki. In kaɗan ne a fere shi da zurfi a cire tsiron, in ya yi yawa a zubar.

In kun gama, ka ba uwargida haƙuri a kan zargin. Nan gaba duk abin da za ka sayo na ajiya, ku zauna tare tukuna ku yanke inda za a sa shi da wanda zai riƙa dubawa.

Wasiƙa ta huɗu

Gwaggo, mijina ya rasu ya bar ni da yara biyar. In tumatir ya yi tsada, fasasshen da 'yan gwari ke warewa gefe nake saye, shi ne daidai ƙarfina. 'Yata da ke makarantar sakandare ta ce guba nake ba su. Ni kuma na ga ai ina dafawa sosai. Hankalina ya tashi.

Uwar marayu, Gusau

'Yar'uwata, Allah ya jiƙan maigida, ya raya marayu, ya ba ki ladan ɗawainiya. Babu abin kunya a sayen abin da ƙarfinki ya kai. Ke da 'yarki kowa ta riƙe rabin gaskiya. Tumatirin da ya fashe yau saboda danna, launinsa da ƙamshinsa suna nan, ana iya cinsa: ki wanke da ruwa mai tsafta, ki yanke wurin fashewar, ki dafa shi sosai a ranar, kada ya kwana kuma kada a ci shi ɗanye. Wanda kuwa ya yi fumfuna, fara ko baƙa, ko yake wari, ko yake yauƙi, ko ƙuda suka yi masa tsutsa, ki bar wa mai shi. Wuta tana kashe yawancin ƙwayoyin cuta, amma akwai gubar da wasu nau'o'in fumfuna ke bari wadda dafuwa ba ta rusa ta. A abu mai laushi kamar tumatir, saiwar fumfunar tana ratsawa ciki fiye da inda ido ke gani. Abu mai tauri irin karas da kabeji ne ake iya yanke wurin da faɗi a ci sauran.

Ki je kasuwa da sassafe lokacin da ake sauke kaya, a lokacin fasasshen bai daɗe a rana ba, kuma ki zaɓa da hannunki. In tsada ta kai tsada, kauɗa mai tsafta ta fi ruɓaɓɓen ɗanye, kabewa tana ƙara wa miya kauri da launi, ga kuka da kuɓewa da zogale da yakuwa da ba sa neman tumatir da yawa. Tsakanin Janairu da Maris, lokacin da kaya ke araha, ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu a unguwa ku sayi kwando, ku raba ku shanya, ya tsaya muku da damina. Ganye irin zogale da rama a inuwa ake busar da su, don su riƙe korensu da amfaninsu. In akwai ɗan fili a tsakar gida, ki cika tsofaffin buhuna da ƙasa da taki ki shuka alayyahu, cikin wata guda za ki fara tsinka. Ki ba 'yar nan taki aikin ban ruwa, ki kuma gode mata, don yarinyar da ta damu da abin da ƙannenta ke ci ta sami tarbiyya.

A nan za mu dakata. Masu tambaya a kan ajiyar wake da masara da maganin ƙwari, wasiƙunku sun iso, su za mu ɗauka a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Allah ya sa albarka a cefanenku, ya zaunar da gidajenku lafiya.

Taku,
Gwaggo